Case Stockman mai baki uku: wuƙar makiyayan Amurka a aljihun kaftani

Duk wanda ya kamu da son tara wuƙaƙen aljihu irin na da, ko ba jima ko ba daɗe sai ya ci karo da wadda ake kira Stockman. Ita ce mai baki uku a ƙota ɗaya, kowane baki da fasalinsa da aikinsa, kuma asalinta wuƙar masu kiwon shanu da tumaki ce a Amurka. Kamfanoni da yawa suna yin ta. Tawa ta kamfanin Case ce, matsakaiciya, mai lamba 6318, kuma ta daɗe tana kwana a aljihuna har ƙotarta ta fara santsi. Hukuncina a taƙaice: wuƙa ce mai kyau ƙwarai ga ƙananan ayyukan yini, tana da tsada idan aka auna da aljihunmu, kuma ba kowa ne zai ji daɗinta ba.

Kamfanin tsoho ne. 'Yan'uwa 'yan gidan Case ne suka fara sana'ar a 1889 a jihar Niyok, daga baya aka koma garin Bradford na jihar Pensilbaniya a 1905, kuma har yau a can ake ƙera wuƙaƙen. Tun 1993 yana hannun Zippo, masu yin laita, waɗanda su ma 'yan garin ne. Lambar nan 6318 da ke buge a gindin ɗaya daga cikin bakunan ba ado ba ce. 6 na nufin ƙotar ƙashi ce, 3 na nufin baki uku, 18 kuma lambar samfurin. Da ƙotar robar nan ce rawaya da sai ka ga 3318, da ƙahon barewa ne 5318. Wanda ya iya karanta wannan, ko a hoto aka nuna masa wuƙa zai gane ko mai sayarwa ya san abin da ke hannunsa.

A rufe tsawonta ya ɗan haura santimita 9, nauyinta bai kai giram 100 ba. Ƙotar ba miƙaƙƙiya ba ce, tana da ɗan lanƙwasa sau biyu, shi ya sa take zama daidai a tafin hannu. Ƙashin an rina shi ruwan zuma, an sassaƙa masa ƙananan ramuka don kada ya zame idan hannu ya yi gumi. Idan ka kai ta kusa da ido za ka ga rinin ya fi duhu a cikin ramukan, ya yi haske wajen gefe inda aka goge, har farin ƙashin na asali yana leƙowa kusa da hulunan ƙarfen da ke kai da gindi. Hulunan suna ƙyalli kamar azurfa, amma babu azurfa ko kaɗan a cikinsu, haɗin jan ƙarfe ne da nikel da zink. Ƙashin kuwa na ƙwaurin shanu ne masu tozo da ake samowa daga Barazil, dangin irin shanun da muke gani kullum a kara. Abin ya ba ni dariya ranar da na sani. Ƙashin da mu muke jefa wa kare bayan an sha romo, shi wasu suka rina suka goge suke sayar mana da dala.

Babban bakin shi ne wanda suke kira kilif. Bayansa kamar an sare shi ne daga tsakiya zuwa tsini, sai tsinin ya fito siriri, cikin kuma yana da ɗan tumbi. Tsawonsa wajen santimita 6 da rabi. Shi ne na yanka lemo, da ɓare mangwaro, da tsaga goro, da cire ƙaya. Yana aikinsa, ba ni da ƙorafi, amma ba shi ya sa na riƙe wuƙar ba. Wuƙaƙen aljihu da yawa suna da irinsa.

Wanda ya sace min zuciya shi ne na biyu, mai suna ƙafar tunkiya. Kaifinsa miƙe yake sambal, babu tumbi, bayansa ne yake gangarowa ya sadu da kaifin a ƙasa. Saboda haka ba shi da tsinin soka. An yi shi ne tun asali don gyaran kofaton tumaki, kuma da na gwada shi a kan ragon da muke turkewa a gida na ga hikimar. Ragon da ke ɗaure ba ya yawo a kan tsakuwa, kofatonsa sai ya yi tsawo ya naɗe ta ƙasa, dauɗa ta taru a ciki, ka ga yana ɗingishi. Ka sa yaro ya riƙe maka shi, ka ɗaga ƙafar, ka kwantar da miƙaƙƙen kaifin a gefen da ya naɗe kana ferewa siriri-siriri har ka fara hango launin hoda-hoda, nan za ka tsaya. Rago ba ya tsayawa shiru, dole ya fizge, kuma a daidai wannan fizgar ce rashin tsini yake ceton ƙafarsa da hannunka. Da kilif ne da tuni an ga jini.

Amma ba kullum ake gyaran kofato ba. Abin da ya sa wannan baki ya fi sauran shan aiki a wurina shi ne kwali da igiya. Idan kaya suka zo shago a naɗe da salatif, kusurwar bakin ce kawai take shiga, ba ta nutsewa ta yaga abin da ke ciki. Igiyar buhu kuwa ba ta zamewa daga kaifin, don babu gangaren da za ta bi ta gudu. Haka idan za ka yanka fata ko roba a kan katako, layin yana fita a miƙe. Kuma babu abin da ya kai shi fiƙe alƙalamin kara. Yaran gidan sun gane wannan, da zarar alƙalamin allo ya dakushe sai ka ji, “Baba, a fiƙe min.” Shafta ɗaya doguwa ta gaba, biyu gajeru ta gefe, sannan ka ɗora kaifin a tsakiyar bakin ka danna kaɗan ya tsage don ya riƙe tawada. Da reza ana yi, amma reza tana lanƙwashewa a hannu, wannan kuwa yana da kaurin da zai bi inda ka nufa. Ƙari a kan haka, shi ne mafi sauƙin wasawa a cikin ukun. Miƙaƙƙen kaifi ko ɗan koyo zai iya kwantar da shi a dutse ya samu daidai.

Na ukun shi ne bakin fiɗiya, gajere, mai kumburarren kai da dakusasshen tsini. Sunansa ya faɗi aikinsa: da shi makiyayan can suke fiɗiye maruƙa da 'yan raguna, kuma masu farauta suna fiɗar ƙananan dabbobi da shi don ba ya huda fata. Ni ban taɓa fiɗiye komai da shi ba, wannan aikin masu shi ne. Abin da nake yi shi ne na wasa shi ya yi kaifin aska na bar shi a rufe, ba ya taɓa kwali, ba ya taɓa ƙasa. Ranar da ake son yanka mai tsafta, kamar zaren da ya fito a wuyan riga ko bandeji, shi nake buɗewa. Nan ne amfanin baki uku yake: ɗaya na abinci, ɗaya na wahala, ɗaya a ajiye da kaifinsa. Mai baki ɗaya, da wanda ya kankare taki daga kofato da shi zai yanka lemo.

Wuƙar ba ta da makulli. Sifirin ne a bayanta yake riƙe baki a buɗe ko a rufe, kuma guda biyu ne: kilif yana da nasa shi kaɗai, ƙananan biyun suna raba ɗaya, wannan a kai wancan a gindi. Don haka kada ka buɗe ƙananan biyun rabi-rabi a lokaci guda kana nuna wa abokai, kana wahalar da sifirin ta fuska biyu ne, yana iya sanyi ko ya karye. Masu tara irin waɗannan wuƙaƙe suna kasa kunne su ji ƙarar da baki ke yi idan ya buɗe da idan ya rufe. Tawa tana cewa ƙas, a bushe, ba ta jan ƙafa. Idan ka ji wuƙa ta rufe shiru, ko sai ka tura ta da yatsa ta ƙarasa, to ko dauɗa ta cika gaɓar ko sifirin ya gaji.

Ƙarfen iri biyu suke yi. Akwai wanda ba ya tsatsa, akwai baƙin ƙarfe mai tsatsa wanda a da ake buga masa tambarin CV. Nawa baƙin ne, kuma da gangan na zaɓe shi. Yana ɗaukar kaifi da wuri, 'yar gogawa a dutse mai laushi sannan a bayan tsohon bel na fata, shi ke nan ya koma yana aske gashin hannu. Kuɗin da za ka biya shi ne kulawa. Ranar farko da ka yanka lemon tsami ko albasa zai canja launi, ya yi toka-toka da shuɗi-shuɗi, wannan ba lalacewa ba ce, har ma yana ɗan kare shi. Jar tsatsa ita ce abokiyar gaba. Da damina, musamman cikin Agusta, gumin aljihu kaɗai ya isa ya fito masa da ɗigo-ɗigo cikin kwana kaɗan. Da hunturu kuma ƙura ce take shiga gaɓa ta haɗu da mai ta zama tabo, ka ji buɗewar tana ƙaras-ƙaras. Maganin duka biyun ɗaya ne: ka goge bayan aiki, ka sa tsinken sakace da ɗan ƙyalle ka share cikin ƙotar, ka ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya a kowace gaɓa. Man gyaɗa kada ka kusance shi, danƙo yake yi. Kuma kada ka bar ta a gaban mota cikin rana, ƙashi ba ya son zafi da bushewa, tsagewa yake yi daga wajen ƙusoshi. Wanda ya san ba zai iya wannan hidimar ba ya ɗauki marar tsatsa, ba abin kunya ba ne.

Akwai abubuwan da suke halin Stockman ne, ko wane kamfani ya yi ta. Cusa baki uku a wuri ɗan ƙarami yana sa dole a ɗan karkatar da su don su wuce juna, shi ya sa sau da yawa za ka ga ƙananan biyun sun goge juna sun bar zane. Ƙafar tunkiya kuma tana zama a ɗage ko a rufe, don a samu wurin sa farce, sai bayanta ya riƙa taɓa maka yatsu idan ka matse ƙotar kana aiki da babban bakin. Aikin minti biyu ba za ka ji ba, feraye rake sanda guda za ka ji. Buɗewa sai da hannu biyu da farce mai ƙwari. Wanda ya yanke farce ranar Juma'a zai ɗan sha fama ranar Asabar. Sannan rashin makulli yana nufin ba a soka da ita, ba a ɓanɓare murfin gwangwani, ba a murɗa sukuru. Ka danna ta baya, za ta rufe a kan yatsunka, kuma ba ta san mai ita ba.

Na taɓa miƙa wa wani dattijo mahauci a unguwarmu ita, ya juya ta, ya gwada kaifin a babban yatsa, ya miƙo min yana murmushi. “Alhaji, ƙarfen yana da kyau. Amma wannan ai ta yankan farce ce.” Na ce, “Baba, ai ba a ce ta shiga mahauta ba.” Gaskiyarsa ce. Kada wani ya saya da niyyar layya. Yankan rago yana son doguwar wuƙa mai faɗi, fiɗa da daddatsa nama suna son wadda za a wanke jini da kitse a ajiye, ba mai lungu-lungu da sifirin ba. A wannan fagen wuƙar maƙeranmu mai kube, wadda ake bugawa daga tsohon sifirin mota, ta fi ta nesa ba kusa ba, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Wata magana da ba za ka ji ta wurin Turawa masu tara wuƙa ba: ƙashin. A mazhabar Malikiyya ƙashin mushe najasa ne, kuma wuƙar aljihu tana shiga masallaci tare da mai ita. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da ƙashin saniyar da bai ga yankanta ba, ya tambayi malaminsa, ko kuma ya huta ya ɗauki mai ƙotar roba rawaya ko baƙa. Bakunan iri ɗaya ne, ta fi araha, kuma rawayar idan ta faɗi cikin harawa nan da nan za ka hango ta.

Ga mai son tarawa, shawarata ita ce ya bi fasali, kada ya bi launi. Kamfanonin nan sun iya kasuwa: wuƙa ɗaya za su fito da ita yau da ƙashi ja, gobe kore, jibi shuɗi, kowacce a ce kaɗan aka yi. Ka tara goma, ka tara wuƙa ɗaya ce sau goma. Amma idan ka bi fasali, kowacce tana ba ka labarin wata sana'a. Trapper, wadda Case ke bai wa lamba 54, baki biyu ne dogaye a kai ɗaya, kilif da bakin fiɗiya, ta masu ɗana tarko ce da ke fiɗar fata. Barlow ta samo asali ne daga Sheffield ta Ingila tun ƙarni na 17, ana gane ta da doguwar hular ƙarfe da ke ƙarfafa gaɓa, wuƙar talaka ce a zamaninta. Sodbuster baki ɗaya ne da ƙota marar ado, ta manomi. Congress tana iya ɗaukar baki huɗu. Peanut 'yar mitsitsiya ce, tana ɓacewa a aljihun gaba. A cikin bakuna kuma akwai bakin mashi mai tsini a tsakiya, akwai bakin shaho mai ƙugiya na masu gyaran itatuwa, akwai Wharncliffe, ɗan'uwan ƙafar tunkiya wanda bayansa ke gangarowa a hankali har ya yi tsini. Akwai kuma ɗan ƙaramin bakin alƙalami, wanda aka yi don fiƙe alƙalamin gashin tsuntsu lokacin da Turawa ke rubutu da shi. Ashe su ma sun yi zamanin fiƙe alƙalami kafin su kawo mana biro.

Case ta ƙara wa masu tarawa wani abin wasa. Daga 1970 suka fara buga ɗigo goma a gindin baki, kowace shekara a cire ɗaya, har 1979 ya rage ɗigo guda. Shekaru goma na gaba aka sake farawa da ɗan canji a rubutun, daga 2000 kuma aka haɗa ɗigo da alamar X. Da gilashin ƙara girma da jadawalin tambarin za ka san shekarar da aka ƙera wuƙarka. Wannan ne kuma ya buɗe ƙofar algus, don tsofaffin suna da daraja, akwai masu goge tambari su buga na da, ko su haɗa bakin wata da ƙotar wata. Idan mai sayarwa a intanet ya ƙi turo maka hoton gindin bakin a kusa, ko lambar ta ce ƙashi kana ganin roba, ko ta ce baki uku kana ƙirga biyu, ka riƙe kuɗinka.

Idan aiki kawai ake nema ba sha'awa ba, dole a faɗi gaskiya, akwai masu araha da ke yin abin da ake so. Opinel ta Faransa, wadda Joseph Opinel ya fara a 1890, lamba 8 ɗinta bakinta santimita 8 da rabi ne, siriri, ya fi kilif ɗin Stockman iya yanka albasa da tumatir, kuma tun 1955 tana da zoben da ake murɗawa ya kulle bakin. Ƙotarta itace ce, da damina takan kumbura ta riƙe bakin. Douk-Douk, ta garin Thiers na Faransa tun 1929, ƙarfe ce zalla shimfiɗaɗɗiya, an yi ta ne don tsibiran Melanesiya da ke tekun Pasifik amma a Arewacin Afirka da sauran ƙasashen da Faransa ta mallaka ta samu kasuwa. Okapi kuma Jamusawa suka fara ta a Solingen a 1902 don kasuwar Afirka, tun 1988 a Afirka ta Kudu ake yin ta, ita ce mai zoben da ake ja kafin ta rufe. Kuɗin Stockman ɗaya mai ƙashi zai saya maka Opinel biyu ko uku. Sai dai duk waɗannan baki ɗaya ne. Ko a cikin masu baki uku akwai Buck da Old Timer da Rough Ryder, ta ƙarshen ana yin ta a Sin da araha, kuma ba laifi mutum ya fara da ita ya ga ko fasalin ya dace da hannunsa kafin ya zuba kuɗi.

Samunta a nan sai dai saƙo. Ni ƙanina ne da ke can ya taho min da ita, kuma duk wanda zai ɗauko maka ka tuna masa ya sa ta cikin babbar jakar da ake aunawa, don a jakar hannu za a karɓe ta a filin jirgi. Idan ta iso kuma a yi hankali da inda ake fito da ita. Garin da aka sha fama da 'yan daba da masu ƙwacen waya, saurayi da wuƙa a aljihu yana da bayanin da zai yi a shingen bincike, ko da ƙotarta ta ƙashin Barazil ce. Wannan ma wani dalili ne da ya sa na fi son matsakaiciyar a kan babbar mai lamba 75: wanda ya gan ta ya san ta aiki ce.

Mai kiwon 'yan tumaki a gida, mai shago da ke buɗe kwali kullum, baduku, malamin allo, duk za su ci moriyarta idan aljihu ya yarda. Wanda zai fara tarawa ma da ita ya kamata ya fara, don a ƙota ɗaya zai koyi bakuna uku ya gane wanne hannunsa ya fi so. Ni dai da za a sake ba ni zaɓi, baƙin ƙarfe zan sake ɗauka, amma da ƙota rawaya, ragowar kuɗin in sayi dutsen wasa mai laushi.